Zana Ta Fi Siminti Shan Mai

Shekarar da man Najeriya ya yi tsada, har masu ruwa-ruwa na bakin hanyar Konni suka rage jera kwalaben mai, ita ce shekarar da Tsahara ta fara sa ido a kan tankin motar surukinta.

Tsahara mutuniyar Tajaye ce, ta haura hamsin, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sana'arta zana da harawa. Da kaka takan bi ƙauyuka ta sayi zana daga hannun masu saƙa, ta tara harawar wake a saman ɗaki, ta zauna jiran bazara. A lokacin ne mutanen Konni ke neman abin gyaran danga kafin ruwa ya sauka, masu kiwon raguna a cikin gida kuma ciyawa ta ƙare masu. Shekara da shekaru a motocin mutane take loda kayanta, tana shan wulaƙancin direbobi. Da Isma'il, mijin ɗiyarta Bushira, ya dawo daga ci-rani da ɗan abin da bai kai kuɗin mota ba, sai ta sayar da bijimai biyu ta cika masa. Suka sayo wata tsohuwar a-kori-kura fara, mai shan esansi, wato fetur, wadda allurar manta ta mutu tun a hannun mai ita na farko.

Ba su taɓa zama sun yi magana a kan sharaɗi ba, don suruka da suruki ba sa zaman ciniki. Ta bakin Bushira aka yi komai. Sauran ranakun mako Isma'il zai riƙa ɗauko siminti daga Malbaza yana kai wa magina. Ranar kasuwar Konni kuwa motar ta Tsahara ce, ita za ta zuba mai. Mato mai walda, wanda ke da gareji a Illela, ya ɗora wa bayan motar wani keji na ƙarfe da ya ɗara kan direba tsawo, domin a riƙa jera naɗin zana a tsaye, a tula harawa a bisa. In aka gama lodi aka ɗaure, daga nesa sai ka ce rumbu ne ya kama hanya.

Da yake allura ba ta aiki, da jarka suke awon mai, wata rawaya da ta taɓa zama ta man girki. Wata rana Bushira, cikin yabon mijinta, ta faɗa wa uwarta cewa jarkar nan guda takan kai shi Malbaza ta dawo da shi da siminti maƙil, har da ɗan saura. Tsahara ta ji, ta ajiye a ranta. Hanyar Konni ba ta fi ta Malbaza wani nisan a zo a gani ba, amma a ranakunta jarka guda ba ta taɓa dawo da motar gida ba. Kullum sai Isma'il ya aiko a gaya mata ya ƙara kwalabe a Konni kafin ya juyo.

Ta juya zancen ta kowace fuska bai zauna mata ba. Buhun siminti guda, ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. Naɗin zana kuwa ita da kanta takan ɗora a ka ta ratsa gari. In da gaskiya, motar ma hutawa take yi ranar kasuwa.

Gimbiya, abokiyar sana'arta da ke haɗa kaya da ita a motar, ita ta fara furta abin da Tsahara ke ɓoyewa. Suna zaune suna ɗaure harawa ta ce Konni gari ne da mai ke da kasuwa, tiyo guda da baki guda sun isa a zuƙe rabin tanki a bayan wani shago. Ta ce direba da mai kamar akuya ce da ɗiyan gawo, ba mugunta ba ce, hali ne. Tsahara ta ci gaba da ɗaurin harawarta. Da yamma dai ta faɗa wa Bushira, tana kallon wani wuri, cewa motar nan ta iya zaɓen ranar jin ƙishi.

Bushira ta gane. Ta kwana biyu tana tauna maganar kafin ta kai wa mijinta, ta rage mata kaifi iya yadda za ta iya. Isma'il mutum ne marar yawan magana, dogo, mai tafiya kamar yana tsoron taka wani abu. Bai yi rantsuwa ba, bai yi fushi a fili ba. Washegari ya kai motar wurin Mato. Aka wanke kafireta, aka sake fulogi, aka shiga ƙarƙashi aka lalube tanki ko yana yoyo. Ba a sami komai ba. A tasha direbobi suka ba shi shawara ya riƙa sauke ƙofar baya, wai iska na taruwa a nan tana riƙe mota. Ya sauke ta, ya ɗaure da igiya. A wannan tafiyar ƙunshin harawa biyu suka zube a hanya bai sani ba, mai kuma ya ƙare kamar yadda ya saba. Da labarin harawar ya iso wa Tsahara sai ta haɗa shi da na man, ta ce a ranta abin ya fara girma.

Ita dai ba ta shiga motar. Ranar kasuwa takan hau bas ɗin fasinja ta riga kayan isa, don bai dace ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin ɗiyarta ba. Amma a makon da hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, ta aika cewa wannan karon a gaban mota za ta zauna, Gimbiya a tsakiya.

Da safe aka yi lodin da ba a taɓa yin irinsa ba, don kowa ya san ruwa ya kusa, kasuwar zana ta kusa mutuwa. Aka jera naɗi a tsaye har kejin ya cika, aka ɗora harawa ta wuce bakin ƙarfe da kamu mai yawa. Tsahara ta sa aka kawo jarka. Isma'il ya gaya mata ta bakin Bushira cewa tankin ya kusa ƙafewa tun jiya. Ta ce ta sani. Ta tsaya aka zuba rabin jarka, ta ɗaga hannu. Lissafinta a fili yake: in jarka guda tana kai siminti ta dawo, rabi ya isa ya kai ciyawa Konni. Isma'il ya dubi jarkar, ya dubi kayan da ke bisa, ya rufe tanki.

"To, Inna," ya ce.

A hanyar jar ƙasa motar ba ta nuna komai ba. A hankali ake tafiya saboda ramuka, injin na ta ɗan gurnaninsa. Gimbiya na ta zuba, Tsahara na kallon gonakin da aka share aka bari suna jiran shuka. Sai da suka hau kwalta suka fuskanci kudu sannan abin ya sake. Tsahara ce ta sha aika wa Isma'il cewa a yi sauri a riski kasuwa da sanyin safiya, don haka ya taka. Iskar bazara kuwa ranar ta tashi da ƙarfi, daga gabansu take zuwa, mai ɗumi, mai ɗan warin ruwan da ya sauka a wani wuri.

Motar ta fara wani kuka da Tsahara ta sani, irin wanda mota ke yi in ta faɗa rairayi mai zurfi. Amma nan kwalta ce shimfiɗe, ba tudu ba gangare. Igiyoyi suka riƙa fito a samansu. Kan motar na rawa, sitiyari na fizgar hannun Isma'il yana mayar da shi. Tsahara ta saci kallon ƙafarsa, ta ga ya danne totur har ƙasa, duk da haka wata bas da ta fi su kaya ta zo ta wuce su kamar suna tsaye. Da wata tirela ta gifta daga ɗaya hannun, sai duk motar ta karkata kamar an ture ta da kafaɗa, Gimbiya ta yi salati ta daina magana. Can bakin gyalen Tsahara ya fita ta taga, ta miƙa hannu ta kamo shi, iska ta wurga hannun baya har ya bugi ƙarfen ƙofa. Ta dawo da shi ta ɗora a cinya tana murzawa.

Ba su tsaya ko'ina ba. A shingen jandarma ma hannu kawai aka ɗaga masu. Sun wuce Gidan Idar, ba su kai Tsarnawa ba, motar ta yi tari, ta ƙara yi, ta mutu. Isma'il ya gangara da ita gefen hanya. Ya fita, ya karyo wani siririn kara, ya zura a tanki ya zaro. Bai nuna wa kowa ba, amma ya riƙe shi yadda duk mai son gani zai gani. A bushe yake.

Ya tare wani ɗan kabu-kabu, ya ɗauki jarkar ya tafi neman mai. Matan biyu suka koma bayan motar inda iska ba ta kai, suka zauna a ƙasa. Gimbiya ta ce wataƙila dai tankin ne ke yoyo. Tsahara ta ce Mato ya duba. Gimbiya ta ce to ko man ne gauraye.

Suna nan zaune wata igiya ta tsinke a sama. Naɗin zana guda ya sulluɓo, ya faɗi, ya warware a kan kwalta. Tsahara ta tashi da sauri kafin wata mota ta taka mata kaya. Ta kama gefe guda ta ɗaga shi tsaye don ta jawo shi, iska ta cika shi. Abin da ba ya da nauyin tulun ruwa ya tura ta da baya, tana tirjewa yana tura ta, har ta zauna daɓas a cikin ƙasa, zanar ta rufe ta. Gimbiya ta yi dariya har da hawaye kafin ta zo ta yaye mata. Suka naɗe shi a ƙasa su biyu. Tsahara ta ɗora a ka a kwance, bakinsa na kallon inda iska ke fitowa, ta taka zuwa motar ba tare da ko tangaɗi ba.

Ta ajiye. Ta koma gaban motar ta tsaya tana kallon kayan daga inda iska ke kallonsu. Kan direba ƙarami ne, gilashinsa a kishingiɗe. A bayansa kuwa bango ne tsaye, faɗinsa ya fi motar, tsawonsa ya ninka ta. Ta daɗe a wurin, gyalenta na kaɗawa.

Da Isma'il ya dawo ya zuba mai, yana shirin hawa ya ɗaure igiyar da ta tsinke, sai ta yi masa magana kai tsaye, abin da ba ta saba ba, ta kira shi da sunan ɗiyarsa.

"Baban Nafisa, a sauke kayan ga. A kwantar da zanar, kada ta wuce kan mota."

"Inna, in an kwantar ba ta shiga duka."

"Abin da bai shiga ba a bar shi nan."

Gimbiya ta ce ai rabin abin da za a bari nata ne, kuma ita ba ta ga dalilin da za a zubar da kaya a daji saboda mota ta sha mai ba. Tsahara ta ce a fara loda na Gimbiya. Akwai wasu gidaje kaɗan a gefen hanya. Mai gidan farko, wani tsoho, ya yarda a jingine sauran a bayan dangarsa, ya turo maza biyu suka taya. Aka jera naɗin a kwance, tsawonsu na bin tsawon motar, aka danne harawa a tsakani, Isma'il ya jawo tamfol ɗin da yake rufe siminti ya lulluɓe, ya ɗaure tam. Rana ta yi sama kafin su gama.

Da za su tashi Tsahara ta ce kada ya yi gudu. Ya bi a hankali. Iskar na nan yadda take, amma kukan injin ya sauka, sitiyari ya daina gardama, har ana jin maganar juna ba sai an ɗaga murya ba.

Sun shiga Konni kasuwa ta riga ta ci ta fara juyawa. Gindin bishiyar da Tsahara ta saba sauke kaya wata mata ta kama shi. Manyan masu saye sun yi cinikinsu sun tafi. Gimbiya ta sayar da nata duka, ko da yake ba yadda ta so ba. Tsahara ta sayar da harawar da ƴan naɗin da suka samu shiga, ta karya farashi don kada ta koma da su. A hanyar dawowa suka tsaya gidan tsohon suka ɗauki sauran, suka mayar Tajaye. Kusa da gida, Gimbiya na gyangyaɗi, Isma'il ya yi magana yana kallon hanya.

"Na daɗe ina jin abin a ƙafata. Ban san mi zan ce ba."

Tsahara ta ce Allah shi kyauta.

Bayan kwana kaɗan Isma'il ya kai wa Mato labari. Mato ya ce shi ma ya sha ganin manyan tireloli da wata hula a saman kan direba, yana ɗauka ado ne. Ya tsaga tsohuwar ganga, ya buge ta ta miƙe, ya kafa ta a kishingiɗe daga rufin kan direba zuwa bakin keji, don iska ta hau ta wuce maimakon ta daki kaya. Ƙarfen ya riƙa kwaramniya a hanyar jar ƙasa har ana jin zuwan motar tun daga nesa. Wani jandarma ya taɓa tsayar da shi ya zagaya motar yana tambayar ko mene ne wannan, da aka yi masa bayani ya gyaɗa kai kamar bai yarda ba ya ce a wuce. Ƙarfen dai ya ɗan rage shan man, ba sosai ba. Abin da ya fi ragewa shi ne kwantar da kaya da tafiya a hankali.

Zancen ƙofar baya kuwa Isma'il da kansa ya bar shi. Wata rana yana dawowa ba kaya, ƙofar a rufe, ya hango ta gilashin baya ganyen harawa na ta zagaye a cikin bodin, suna tashi suna sauka, ba sa fita. Ya gaya wa Mato cewa da alama iskar da ke ciki zaman kanta take yi, ta waje kuma ta bi ta samanta ta wuce. A tasha aka yi masa musu, wasu har yau da ƙofa a sauke suke yawo. Shi dai ya rufe tasa.

Sabon tsarin bai zo da riba ba. Kayan da ke tafiya sau ɗaya yanzu sai an yi sawu biyu, ko a bar rabi. Tsahara ta gwada lodi tsaka-tsaki, ta gwada tashi da an sallame sallar asuba kafin iska ta farka, ta gwada aika harawa kaɗai a matse cikin buhuna. Wani makon ta ci, wani makon ta tashi a tutar babu. Gimbiya ta gaji da isa kasuwa a makare, ta mayar da kayanta motar wani Yari, mai lodi har sama da gudu kamar ana korarsa. Ba su yi faɗa ba, suna gaisawa, sai dai sun daina ɗaure harawa tare.

Tsahara ba ta ba surukinta haƙuri ba. Ba ta san ta inda za ta fara ba, kuma a ganinta ba ta taɓa kiransa ɓarawo da bakinta ba. Bushira ta jira ta ji ko uwar za ta ba ta wani saƙo ta kai, ba a ba ta ba. Isma'il bai fasa zuwa gaisuwa ba, yakan durƙusa a bakin ƙofa kamar da, ya tambayi lafiya ya tashi. Sai dai tuwon da ake aika masa daga gidan, wanda a da yake cinyewa, ya koma taɓawa kaɗan ya ture wa yara. Haka aka yi ta tafiya har wani lokaci, daga baya ya ci gaba da ci, ba wanda ya san ranar da ya koma.

Ruwa ya sauka a ƙarshen watan da ya biyo. Kowa ya fita shuka, magina suka ajiye aiki, hanyar jar ƙasa ta yanke a wurin kwari. Isma'il ya jingine motar a gindin bishiyar bedi, ya cire batir ya kai ɗaki, ya ɗauki kwashe ya bi mutane gona. Zanar da ta rage wa Tsahara tana da yawa, ga damshi ya fara kama ta ƙasa. Ta zaɓi masu kyau ta sake dangar gidanta ta yamma, ta aika wa Bushira wasu ta gyara makewayi, sauran ta sa aka ɗora a kan itace a cikin zaure, a ga abin da zai kai rani.